Gini a filin wani

Da yawa cikin ma'aikatan da suka zauna bisa bencin lise, a Damagaram ko a Yamai, sun karanta littafin Albert Camus, L'Étranger, wanda ya fito a 1942. A cikinsa wani Bature, Meursault, ya harbe wani Balarabe a bakin teku kusa da birnin Alje, harsashi biyar. Mai kisan yana da suna, yana da uwa, yana da wurin aiki da budurwa. Wanda aka kashe kuwa ko sunansa ba a faɗa ba. Shekara saba'in masu karatu suna tsallake gawarsa suna wucewa.

Kamel Daoud, wanda a lokacin ɗan jarida ne a birnin Oran na Aljeriya, shi bai tsallake ba. A 2013 ya fitar da Meursault, contre-enquête. Ya raɗa wa mamacin suna Musa, ya ba shi ƙane, Haruna, wanda ya tsufa da ciwon abin a zuciya, ya ba shi uwa wadda ba ta taɓa ganin gawar ɗanta ba balle ta yi masa sutura. Bai kuma mai da Haruna waliyyi ba: a 1962, kwanakin samun ƴancin kai, shi ma ya kashe wani Bafaranse. A nan littafin ya tashi daga ramuwar gayya ya zama adabi. A 2015 aka ba shi kyautar Goncourt ta littafin farko.

In an duba, aikin nan ɗori ne a kan labarin wani, irin wanda dubban matasa suke yi a intanet, suna ɗauko Harry Potter su ci gaba da shi daga inda mai shi ya tsaya. Manyan marubuta sukan raina su, wai masu cin tuwon wani ne. Ɗan kasuwa ya fi kowa gane ribar abin da hatsarinsa. Wanda ya kama hayar rumfa a bakin kasuwa ya tarar da masu saye a tsaye, ba sai ya yi shela ba. Amma rumfar ba tasa ba ce. A 1614 wani mai kiran kansa Avellaneda ya buga ci gaban Don Kishot ba da izini ba. Cervantes ya fusata, ya fitar da nasa kashi na biyu a 1615, ya kashe gwarzon a ƙarshe don kada wani ya sake hawa dokinsa.

Sai dai raini ba hujja ba ne. Abubakar Imam ya ɗebo labarai daga Alfu Laila da littattafan Turai da na Indiya ya gina Magana Jari Ce, kuma ba Bahaushen da yake jin baƙunta a bakin akun nan. Abin tambaya ga mai ɗori ɗaya ne: me ya gani wanda mai labarin ya kau da kai daga gare shi? Daoud ya ga gawa marar suna. Yawancin masu ɗori ba su ga kome ba, kewar gwarzo ce kawai ta hana su rufe littafi, kuma wannan ma ba laifi ba ne muddin ba su kai shi kasuwa ba.

Mai ƙirƙira daga tushe kuwa, kada a ɗauka ya tsira. A 2024 Daoud ya ci babbar kyautar Goncourt da Houris, labarin wata mata da aka yanka a wuya lokacin yaƙin basasar Aljeriya na shekarun 1990, ta rayu amma ta rasa murya. Babu Camus a ciki, babu gwarzon aro. Amma wata mata a Aljeriya ta kai ƙara kotu, ta ce rayuwarta ce aka kwashe aka sa a littafi ba da yardarta ba. Daoud ya musanta, ya ce labarin ƙagagge ne.