Shekarun da Muka Tsaya Tsakanin Plasma da LCD

Daga wajen 2007 zuwa 2012, duk magidancin da ya tara kuɗin sauya talabijin sai mai shago ya tare shi da tambaya guda: plasma ko LCD? Mu da muka tashi gaban akwati mai ƙaton baya, wanda sai mutum biyu sun kama kafin ya hau tebur, ganin talabijin siririya rataye a bango ya ishe mu abin hira a majalisa har dare ya raba.

A gidanmu maganar ta taso ne gab da gasar cin kofin duniya ta 2010 a Afirka ta Kudu. Yayana ne mai biya, ni ɗan rakiya ne zuwa shagunan kayan wuta na Sabon Gari a Kano. Zuciyata tana wajen plasma, kuma ina da hujja. Gilashinta cike yake da ƙananan ɗakuna masu iskar gas, neon da zenon. Idan wuta ta ratsa su, kowane ɗigo shi ke ba da haskensa da kansa, inda hoto ya yi duhu kuwa ɗigon sai ya lafa, baƙin ya fito wuluk. Ita LCD fitila ce kunne a bayanta, abin da ke gaba yana buɗe mata hanya yana rufewa, kuma komai rufewarsa sai haske ya tsiyayo, dare a fim ya koma toka-toka. Ƙwallo a plasma sumul take tafiya, a LCD ta wancan lokaci takan ja inuwa. Sannan gidanmu gidan yawa ne: yaron da ya samu wuri can gefe kan tabarma, plasma ba ta rage masa launi ko kaɗan.

Yaya ya bar ni na gama zuba. Sai ya juya ga mai shago ya ce, "Malam, ƙaramin janareta zai ɗauke ta da fanka biyu?"

Mutumin, Allah ya saka masa, bai ɓoye ba. Ya ce, "Alhaji, in don janareta ne, ɗauki wannan," ya dafa LCD. Plasma mai inci 50 ta waɗannan shekaru tana iya cin sama da wat 300, janaretanmu kuwa bai kai wat 1000 ba, ga dikoda, ga fanka, ga ƙwayayen wuta. Ya sa na kai hannu saman plasmar da ke kunne, na ji hucin da take fitarwa, na tuna yadda falonmu yake a watan Afrilu. Ya ƙara da cewa gilashinta madubi ne idan rana ta shigo ta taga, kuma a tsaye ake ɗaukarta, ba a kwantar da ita a mota. Ga girma: da wuya ka ga plasma ƙasa da inci 42, kuɗin Yaya kuwa inci 32 ya tsaya. Da LCD muka dawo gida, kuma ta yi mana aiki shekaru ba tare da ta taɓa kashe janareta ba.

Amma daren wasan Ghana da Uruguay a gidan maƙwabcinmu na kalla, wanda ya sayi plasma ta Panasonic. An kashe fitila, an cika falo maƙil. Koren filin nan da duhun sararin Johannesburg a bayan fitilun filin wasa, ban taɓa ganin irinsu a talabijin ba. Lokacin da bugun fanaretin ɗan wasan Ghana Asamoah Gyan ya daki ƙarfen raga, dattijon da ke kusa da ni salati kawai ya yi, ya tashi ya fita ba takalmi.

Masu gidajen kallo su ne suka fi sanin raunin plasma. Tun rana har dare ƙwallo ce, tambarin tasha da akwatin ci suna wuri guda, sai su ƙone a gilashin. Ka sa fim ɗin Hausa, inuwarsu tana nan a kusurwa.

Kasuwa ta bi ra'ayin Yaya. Pioneer, mai plasmar Kuro da masana suka fi yaba wa baƙinta, ta sanar da barin harkar talabijin a 2009. Zuwa ƙarshen 2014 Panasonic da Samsung da LG duk sun daina ƙera plasma, LCD mai fitilun LED ta mamaye shaguna, ta ƙara siranta, ta rage cin wuta, har ƙaramin sola yana ɗaukarta. Wannan alheri ne ga gidaje irin namu, ban musa ba. Sai dai har gobe ina ganin hoton da ya fi kyau shi ne aka rasa. Dabarar ɗigo mai haskaka kansa ta dawo a OLED, wadda kuɗinta ya fi ƙarfin aljihuna, amma duk shagon da na gan ta sai na roƙi yaron shago ya sa mini fim mai dare a ciki.