Dala a Baki, Tamma a Takarda

Watan Oktoba ya kama. Yara sun koma lakwal. Mu ma manya mun buɗe ajinmu na yaƙi da jahilci a nan Kara-Kara. Kowace shekara, in na ce gobe lissafi za mu fara, sai wani ya ce, "Malam, ni kaina ba ya ɗaukar lissafi."

Ni ban yarda da wannan magana ba. Mai fasa dutse ya san kuɗin tsakuwarsa. Ɗan kabu-kabu ya san na mai, ya san abin da zai kai gida. Mai tuyar ƙosai ba ta kuskuren canji, ko da mutum biyar sun miƙo hannu a tare. Lissafi yana kanka tun tuni. Rubuta shi ne ba ka koya ba tukuna.

Shi ya sa a makon farko ba na cika allo da lamba. Kuɗi nake zubawa a kan tabarma.

Kai ma sa hannu aljihu, ɗauko dala ashirin. Duba abin da aka rubuta a jikinta. Za ka ga 100. To, ina ashirin ɗin ta shiga? Ɗauko dala biyar, za ka ga 25. Dala goma, 50. Takardar jika kuwa 1000 aka rubuta, alhali mu mun san jika dala ɗari biyu ce.

Ba wanda ya cuce ka. Bakinmu da dala yake ƙirga, takarda kuwa da tamma, wadda Faransawa ke ce ma faran. Dala ɗaya tamma 5 ce. Haka muka gada tun zamanin Turawa. Wanda ya saba zuwa Kano ya san naira ba haka take ba: in ka ga 100, naira ɗari ce, shi ke nan. Kuɗinmu na sefa shi ne mai suna biyu.

Kar ka ɗauka abin wasa ne. A ce ɗanka ba shi da lafiya. An rubuta maka kuɗin magani, 1500. Ka karanta, ka ce dala dubu da ɗari biyar, wato jika bakwai da rabi. Gabanka ya faɗi, ka koma gida ba magani. Alhali jika ɗaya da rabi ce, kuma tana aljihunka. Ko a adashe: uwar adashe ta rubuta 100, tana nufin dala ɗari. Wata ta sa ɗanta ɗan lakwal ya karanta, ya ce dala ashirin ce. Sai rigima ta tashi tsakanin maƙwabta, kowa kuma yana da gaskiya.

Ga dabarar da muke koya. In lamba ta ƙare da sifiri, rufe sifirin da yatsa, ka ninka abin da ya rage sau biyu. 350: rufe sifiri, saura 35. Sau biyu, 70. Dala saba'in ke nan. In kuma dala kake so ka rubuta, raba ta biyu ka ƙara sifiri. Dala sittin, rabinta 30, ƙara sifiri, 300. Masu ƙarewa da 5, irin su 125, sai mako na gaba, kada mu haɗa kaya da yawa.

Shi sifirin nan, a kiyaye shi. Da yawa in na ce su rubuta ɗari da biyar, sai su rubuta 1005, don haka kunne ya ji. Daidai shi ne 105. Sifiri guda ya mai da ɗari dubu.

Kafin mu haɗu, in ka shiga kasuwar Dole ko ka tsaya wurin mai tebur, rubuta kuɗin abu uku da ka saya. Hagu ka sa dala, dama ka sa tamma. Wanda ba shi da takarda ya zo da alli, akwai allo a aji.