Ranar Da Birki Ya Ƙi Ni A Kwanar Ɗangora

Kun yi ta tambaya me ya hana ni kawo muku ci gaban littafi. To ga dalili, kuma laifina ne.

Tun da na sayi Peugeot 406 ɗina 'yar Kwatano da kuɗin littattafai, na rantse ba mai cin kuɗina a gareji, balle kamfanin dillalan mota, inda kafin a taɓa ko ƙusa sai an rubuta maka takarda. Duk Asabar nakan je Ƙofar Ruwa in sayo baƙin mai, filta da fulogi, in shimfiɗa buhu in yi juye da kaina. Gaskiya na ci riba, har maƙwabta suka fara kirana injiniya.

Sunan nan shi ya rufe ni. Ran nan na canza takalman birkin gaba, garin haka na kwance bututun man birki na mayar. Ban san iska ta shiga ba, kuma sai an fitar da ita. Mai ba ya matsuwa, ita kuwa iska tana matsuwa, don haka in ka taka sai ƙafarka ta nutse.

A cikin gari in na taka sau biyu yana kamawa, na ce zai saba. Washegari muka kama hanyar Zariya da iyali. A Kwanar Ɗangora wata tirela ta tsaya a gabanmu, na taka, ƙafata ta kai ƙasa. Na rage giya, na ja birkin hannu, muka tsaya a gefen titi, saura ƙiris.

Uwargida ta daɗe tana salati, sannan ta ce, "Baban Ummi, nawa ne kuɗin gyaran da ka tsimi?" Na rasa bakin magana.

Motar a kamfani ta kwana. Sun fitar da iskar, sun canza man, kuɗin da zan kai wa maɗaba'a ya tafi. Araha dai ba ta ado.

Yanzu juye, fulogi da ruwan lagireto nawa ne, ba na fasawa. Birki da sitiyari kuwa na bar wa masu su.

Ku yi haƙuri, babi na gaba na nan tafe in Allah ya yarda.