Suna Ɗaya, Ranar Haihuwa Ɗaya

Hoton fasfo bai kai tafin hannun jariri ba, amma mu 'yan aji shida mun ga irin nauyin da yake ɗauke da shi. Ɗaukarsa ba ta wuce minti ɗaya: a gyara wuyan riga, a ɗaga haɓa, a dubi gaba, shi ke nan. Amma abin da ake rubutawa a ƙarƙashinsa, wato suna da ranar haihuwa, shi zai bi mutum har tsufansa.

Iyayenmu sukan ba mu labarin dogon layin da suka bi a 2003, lokacin rajistar katin shaidar ɗan ƙasa a zamanin Shugaba Obasanjo. A 2007 aka kafa hukumar NIMC, mai ba kowa lamba mai alƙaluma 11 da ake kira NIN, bayan an ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa goma. A Disambar 2020 gwamnati ta ce a haɗa lambar da layin waya, kuma tun 2021 JAMB ba ta yi wa ɗalibi rajista sai da ita.

To, a nan ne damuwarmu take. Yawancinmu sunayenmu da dama ne: akwai wanda kaka ta raɗa mana da yaren gida, ga na baftisma, ga na mahaifi, wani har da sunan gari. Sai ka ga yaro Bulus ne a katin baftisma, Paul a takardar firamare. Kowa a ikilisiya ya san mutum ɗaya ne, amma kwamfuta ba ta sani ba. Harafi ɗaya ya bambanta, sai zuwa kotu neman takardar rantsuwa, sai biyan kuɗin gyara, sai jira. Kafin a gama, wani har lokacin shiga jami'a ya wuce shi.

Akwai kuma masu ba yara shawara su rage shekaru domin samun aiki nan gaba. Mu tuna, ramin ƙarya kurarre ne. Ranar da aka jera takardar haihuwa da ta jarrabawa a kan tebur ɗaya, ba mai shawarar ne zai ji kunya ba.

Rajista ba baƙon abu ba ce ga mai bi. Luka sura 2 ta nuna mana Yusufu da Maryamu sun taso daga Nazarat zuwa Baitalami domin a rubuta su, bisa umarnin Kaisar Augustas. Sun je garin asalinsu, ba su ɓoye ko su waye ba.

Saboda haka muna roƙon ƙannenmu, tun kafin ku kai aji shida ku zauna da iyayenku ku tsai da suna ɗaya, rubutu ɗaya, rana ɗaya. Iyayenmu da fastocinmu da malamanmu, ku taimaka ku duba takardun yaranku da wuri, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya sa a same mu da gaskiya, a takarda da kuma a zuciya. Amin.