Sojojin Roba A Teburin Cin Abincinmu

'Yar uwa, kin taɓa ce wa ɗanki "to, to, na ji" alhali ko kalma ɗaya ba ta shiga kunnenki ba? Ni dai wannan "to" ɗin ta ci min fam 30 da 'yan kai, ta kuma sa na kwana ina jin kunyar ɗan cikina.

Shekara 3 ke nan da aikin jinya ya kawo mu Ingila. Ɗana na fari, wanda muke kira Abba, yanzu shekararsa 12. A shekararmu ta farko yaron nan kamar an ɗinke masa baki. Ba ya son ƙwallo, ba ya da aboki, in ya dawo makaranta sai ya shige ɗaki. Wata rana ya shigo da wani ɗan sojan roba da bai kai tsawon ɗan yatsana ba, ya lafta masa fenti duk ya caɓe, yana ta murmushi. Wai akwai ƙungiyar masu wannan wasa a makarantarsu, kuma wani yaro ya ce ya riƙa zuwa. Ranar na fara jin ya ambaci sunan wani yaro a ƙasar nan ba da ƙorafi ba.

Sunan wasan Warhammer 40,000. Kamfanin Games Workshop ne ke yin sa, wanda aka kafa a Landan a 1975, yanzu hedikwatarsa na Nottingham, wasan kuma ya fara fitowa a 1987. Za ki sayi kwali ki tarar da hannuwa da ƙafafu da kawuna a manne jikin firam na roba. Yaro zai ciccire su da ɗan almakashi, ya haɗa da gam, ya yi musu fenti da burushi mai bakin allura. In runduna ta haɗu, sai mutum biyu su jera nasu a kan tebur, su auna tafiyar kowane soja da tef irin na tela, inci-inci, su jefa dayis irin na ludo don a ga ko harbi ya samu. Wasa ɗaya kan ci awa biyu ko uku. In kin tuna yayyenmu da motar kara da shanun laka, to kusan hakan ne, sai dai wannan da kuɗi ake sayen karan.

Na san abin da ke ranki, don shi Hajiyarmu ta faɗa ranar da ta hango su ta waya: "Wai gumaka kuka zuba ido yaro yana tarawa?" Ban yi dariya ba, domin ni ma abin ya tsaya min, ga surar ga kuma dayis. Mun kai maganar wurin malaminmu, kuma ba zan mayar da amsarsa fatawa a nan ba, kowa ta tambayi nata. Abin da muka tsayar a gidanmu dai shi ne ba a sa ko kwabo a wasan, ba a jera su a ɗakin da ake sallah, in an gama a mayar da su akwati. Akwai kuma rundunonin da labarinsu na bautar shaiɗanu ne, waɗannan Baban Abba ya ce ko ƙofar gida ba za su taka ba. Abba ya zaɓi waɗanda ake kira Necrons, mutanen ƙarfe ne da labarin ya ce sun yi barcin shekara miliyan 60 kafin su farka. Da ya gaya min haka bayan na sauko daga aikin dare, cewa na yi Allah Ya ba ni ko da kwana biyu daga ciki.

To ga inda na yi ɓarnar. Kowace runduna tana da littafinta mai kauri, wanda ke ɗauke da dokokinta da ƙarfin kowane soja. Abba ba shi da na rundunarsa, kullum aro yake yi, kuma na san abin na damun sa. A cikin azumin bana ina ta aikin dare, in dawo da safe ido kamar an zuba yashi, in faɗi, in farka in shiga kicin. Yana bi na yana zuba labari, ina yanka albasa ina "to". Ana saura mako guda sallah na shiga intanet a lokacin hutuna na tsakar dare, na yi odar littafin a ɓoye, ina jin kaina uwa ta gari.

Ranar sallah na miƙa masa. Ya buɗe, ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Na gode Mama, Allah Ya ƙara buɗi." Ya rungume littafin ya tafi ɗaki. Ƙanwarsa Ummi, wadda ba ta iya riƙe magana ko ta minti ɗaya, ita ta biyo ni kicin. "Mama, ai littafin nan ya kusa mutuwa. Yaya ya gaya miki tun farkon azumi. Sau uku ma."

Ashe tun watan Maris na 2023 kamfanin ya sanar cewa bugu na 10 na wasan na nan tafe, kuma da fitowarsa dokokin da ke cikin tsofaffin littattafan rundunoni sun daina aiki. Haka tsarin yake tafiya, bugu na 8 ya fito a 2017, na 9 a 2020, ga na 10 a 2023. Duk mai wasan ya san cewa in sabon bugu ya ƙarato, hannu ake kamewa daga sayen littafi. Ba wanda ya ɓoye min komai. A gidana, a bakin ɗana, aka faɗa min sau uku.

Kuɗin bai yi min zafi kamar godiyar ba. Yaro ɗan shekara 12 ya dubi kyautar da ta nuna masa ƙarara cewa uwarsa ba ta saurare shi ba, ya haɗiye, ya yi min addu'a don kada in ji ba daɗi. A wurin aiki ni ce mai faɗa wa ɗalibai cewa mara lafiya yakan faɗi ciwonsa da bakinsa in aka bar shi ya gama magana.

Da na samu hutun kwana biyu, na yi barcina na ƙoshi, na ajiye waya a ɗaki, na ce ya zo ya yi min bayanin sabon bugun nan daga farko. Gabana na faɗuwa, don na riga na ga kwalin da ake ta talla, Leviathan, sojoji 72 a ciki, fam 150, zai fito ranar 24 ga Yunin 2023. Babbar sallah kuma kwana kaɗan bayan nan, ga kuɗin layya da za mu tura gida, ga haya. Na shirya jawabin "babu hali" tsaf.

Bai ba ni damar yin sa ba. Ya ɗauko wata takarda da ya riga ya rubuta. Ya ce kwalin rundunoni biyu ne a ciki, kuma babu tasa. Ya ce ainihin dokokin wasan a wannan karon kyauta za a sauke su a intanet, haka ma bayanan sojojin kowace runduna, sai dai mu buga a takarda. Sojojinsa na nan da amfaninsu, littafi ne kawai ke tsufa. Abin da yake buƙata, in ji shi, fenti kala biyu ne da suka ƙare, da wanda zai kai shi wurin wasa ranar Asabar ɗin farko, sannan ya gama fentin sojoji 20 da ke kwance a kwali tun bara. Masu wasan suna da sunan da suke kiran irin waɗannan, wai tulin abin kunya. Na tuna atamfofina da ba a ɗinka ba, na yi gum.

Kada ki ɗauka ba ya son kwalin. Na sha kama shi yana ƙara girman hotonsa a waya. Abokinsa zai samu, shi ba zai samu ba, kuma mun faɗa masa haka ba tare da kwana-kwana ba. Ya ce ba komai, ai in abokin ya haɗa nasa dole ya nemi wanda zai yaƙa.

Sojoji 20 ɗin nan ni na ce zan taya shi. Na zaci hannun da ke samo jijiya a jikin tsohuwa 'yar shekara 90 ba zai gagara riƙe burushi ba. Na farko da na yi, Abba ya juya shi ya juya, ya ce, "Mama, kin toshe masa ido." Wai fenti ba a ɗebo shi kai tsaye daga kwalba, sai an sirka da ɗigon ruwa, a shafa siriri sau biyu. Baƙi ake fara sawa, sannan ruwan azurfa, sannan wani ruwa-ruwa mai duhu da ke gangarawa cikin lunguna ya fito da zanen, a ƙarshe ɗigon kore a ido da bakin bindiga. Ya ba ni aikin azurfa kawai. Koren bai yarda da ni ba tukuna.

A nan ne na ga abin da na sani a asibiti amma ban taɓa kawo shi gida ba. Mutum ya fi buɗe cikinsa lokacin da kike wanke masa ciwo, idonki na kan bandeji, ba kya kallon fuskarsa. A soja na 4 Abba ya gaya min sunan da wasu yara suka riƙa kiransa a shekararmu ta farko, abin da bai taɓa faɗa ba. Burushin ya tsaya a hannuna, amma ban ɗago kai ba, don na san in na ɗago zai yi shiru. A na 7 ya tambaye ni ko in mun je Kano Alhaji zai koya masa dara. A na 9 ya ce in ina aikin dare ba ya iya barci sai ya ji motsin mukullina da safe. Wannan kam sai da na tashi na shiga banɗaki na wanke fuska.

Yau saura kwana 9, mun gama 13. Na roƙi wata abokiyar aikina 'yar Ghana mun yi musayar ranar Asabar ɗin, ni zan karɓi Lahadinta biyu, ta ci riba amma ban yi ciniki ba. Littafin sallah yana kan kanta kusa da gadonsa. Na ce mu gwada sayar da shi ko da rabin kuɗi ne, ya ce a'a, rabinsa labarai ne da hotuna, kuma a ciki yake duba kalar da zai sa wa shugaban rundunar. Shi wannan ya ce sai ranar ƙarshe za a taɓa shi, kuma wataƙila, in hannuna ya nuna, ya bar ni in sa masa koren ido ɗaya.