Wuni Ɗaya a Ƙofar Barikin Tondibiya

Mai taksin da ya ɗauke ni daga unguwar Yantala ta Yamai bayan sallar asuba Bazabarme ne, amma Hausa ta zauna a bakinsa. Da na ce masa Tondibiya, sai ya dube ni ta madubi ya ce: "Malam, ɗanka ne a ciki ko ƙanenka?" Na ce babu ko ɗaya, aikin jarida ne. Ya ce to in tura na'urar hotona ƙasan jaka, don wurin ba a wasa da soja.

Muka bi ta Gudel, kogin Isa na hannun hagu, hazon hunturu ya kwanta bisa ruwa. Garake da fadamun shinkafa sun bi gaɓa, masu ban ruwa har sun fito. Direban ne ya fassara mini sunan Tondibiya: da Zabarmanci tondi dutse ne, bi kuma baƙi. Baƙin dutse ke nan. A nan arewa maso yammacin Yamai rundunar sojan Nijar, wadda aka kafa a 1961, take da cibiyar horar da kurata, a nan kuma aka kafa makarantar hafsoshi ta EFOFAN. Sojan ƙasar nan da yawa, daga kurtu har mai anini a kafaɗa, sun ci ƙurar wannan wuri.

Ban shiga ba, don ba ni da takardar izini, kuma ban nema ba. Na samu benci wurin wani mai shayi nesa kaɗan da ƙofa, na zauna.

Kafin in gan su na ji su. Takun ƙafa da waƙa, mutum ɗaya yana bayarwa, saura suna amsawa. Sai ga su sun ɓullo cikin sahu, kai a aske ƙwal, zufa ta jiƙa riguna duk da sanyin safiya. Na lura da wani siriri a sahun baya, igiyar takalminsa ta kwance tana jan ƙasa, yana satar kallonta amma ba halin tsayawa. Na kusa da shi ya dafa masa baya da tafin hannu yana tura shi gaba, har suka sha kwana. Yawancinsu ba su fi shekara ashirin da ƴan kai ba.

Wani dattijo da ke gefena ya bi su da kallo, kofinsa a hannu. Tsohon soja ne, ya yi aiki a yankin Diffa kafin ya ajiye kaki. Na ce: "Baba, a nan ake cire musu tsoro?" Ya yi dariya har ya tuntsure. Ya ce tsoro ba ya fita, ɗana. Ranar da aka fara buɗe musu wuta, in ji shi, bakinsa ya bushe har ya kasa tofar da yawu, kuma bai san lokacin da ya canza gidan harsashi ba, hannu ne ya yi da kansa. Wannan shi ake koyarwa a nan: a kwance bindiga, a harhaɗa, a sake kwancewa, sau ɗari, don hannu ya iya aiki ranar da hankali ya gudu. Na tambaye shi abin da ya hana shi gudu shi ma. Ya ce kunya. Yaron da suke rami ɗaya da shi, wanda suka ci tuwo kwano ɗaya wata da watanni, da wane ido zai dube shi, ko ya dubi uwarsa?

Wannan magana ta tsaya mini, domin mu Hausawa jarumtar da muka gada a kirari ta barde ce bisa doki, da sulke da lifidi, ga abokin gaba ga ka, ido cikin ido. Haka ake ba da labarin Sarauniya Mangu da ta tsaya wa rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine a Lugu a 1899. Yaƙin da ke jiran yaran nan ba shi da wannan fasali. Nakiya ce binne a hanya, ba ta san jarumi ba, ba ta san rago ba. Babura ne da ke fitowa daga daji kamar fari, su buga su ɓace, har dai hukuma ta hana hawa babur a sassan jihar Tillaberi a farkon 2020, manomi da malamin asibiti suka koma tafiya a ƙasa.

Daga inda nake zaune, in ka ci gaba da bin kogi sama, can ne Tillaberi, can gaba kuma iyakar Mali. A wannan yankin ne, ranar 10 ga Disamba 2019, aka afka wa sansanin Inates da manyan bindigogi da motoci maƙare da bama-bamai, soja 71 suka kwanta dama. Shugaba Mahamadu Isufu ya katse tafiyarsa a Masar ya dawo, aka yi makokin kwana uku, aka jera gawarwaki lulluɓe da tutar ƙasa a sansanin sojan sama na 101 da ke Yamai. Ba a share hawaye ba, ranar 9 ga Janairu 2020, sai sansanin Shinagodar: soja 89. Ƴan kwanaki bayan haka aka sauya babban hafsan hafsoshi, aka naɗa Janar Salifu Modi. Gabas ma ta sha nata, don a tsibirin Karamga na tafkin Chadi soja 46 Boko Haram ta kashe a Afrilun 2015.

Abin da ke ci mini rai shi ne bambancin yadda ake ƙirga matattu. Amurkawa huɗu da suka mutu a Tongo Tongo ranar 4 ga Oktoba 2017, duniya ta san sunayensu da fuskokinsu, an yi bincike, an yi muhawara a majalisarsu. Ƴan Nijar da suka faɗi tare da su a wuri ɗaya, mu kanmu ƴan jarida adadi muka rubuta muka wuce. Muna da saurin cewa "gwarazan sojojinmu" a rediyo, amma yabo ba ya zama rigar sulke, ba ya zama jirgin da zai ɗauke mai rauni kafin jini ya ƙare. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, sojan Faransa sun tattara a ƙarshen waccan shekarar, na Amurka sun bi su a 2024. Ko mutum yana murna da haka ko yana ƙorafi, nauyin ya koma kan wuyan kuratan nan.

Wajen azahar wata tsohuwa ta sauko daga mota da ƙullin kaya a kai. Daga wajen Dogonduci ta taso tun jiya, ta kawo wa ɗanta ƙuli-ƙuli da garin ƙanzo da wani ɗan ƙulli da aka ɗinke da fata. Mai gadi ya gaishe ta da ladabi, ya ce: "Inna, sai haƙuri, yau ba a ganin su." Ta roƙa a karɓi saƙon, ya karɓa, ya rubuta sunan yaron a jikin leda. Ta dawo ta zauna a bencinmu, mai shayi ya zuba mata bai karɓi ko dala ba. Ta tambayi dattijon ko gaskiya ne in sun gama Tillaberi ake kai su. Ya daɗe yana juya cokali a kofi, sannan ya ce ba duka ba.

Taksi ɗaya muka shiga da ita zuwa gari, ta sauka a tasha. Har muka wuce Gudel tana waige.