Guangzhou: Inda Shayi ke Riga Ciniki

Wayar da ke aljihunka da takalmin da ka sa zuwa makaranta, mai yiwuwa ta Guangzhou suka bi kafin su iso Kano. Birnin yana kudancin ƙasar Sin, a bakin Kogin Lu'ulu'u. A bakin mutanenmu sunan ya fi kama da "gwanjo", alhali kayan sababbi ne dal. Tun 1957 ake gudanar da babban baje kolin Canton a can, sau biyu a shekara.

Baƙo daga Afirka yakan fara sauka a unguwar Xiaobei. Nan za ka ji Hausa da Faransanci da Larabci a layi ɗaya, ga gidajen abincin halal, ga shagunan masu tura kaya a kwantena. Ciniki kuwa da na'urar lissafi ake yi: mai shago ya danna farashi, kai ka goge ka danna naka.

Wannan na kanti ne. In harka ta kai ga masana'anta, sai a zaunar da kai a teburin shayi, ana zuba maka a 'yan mitsi-mitsin kofuna, ana tambayar garinku da iyalinka. Idan an zuba, mutanen yankin kan ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu, godiya ke nan. Kada ka ɗauka ɓata lokaci ne, auna ka ake yi. Suna kiran wannan sanayya guanxi, kuma ba a gina ta a zama ɗaya.

A Kantin Kwari maigida kan ba yaronsa dila guda bashi a kan magana kawai, domin ya san gidansu. A Guangzhou babu wanda ya san gidanku. Saboda haka kafin alƙalami ake nema, galibi kashi 30 cikin ɗari, a cika sauran kafin a loda kaya. Ɗan kasuwarmu kan ji kamar an raina amanarsa, shi kuma Basine yana mamakin mai neman kaya ba takarda.

Inda aka fi samun saɓani shi ne kalmar "a'a". Da wuya Basine ya faɗe ta ƙiri-ƙiri, don gudun zubar da mutunci, abin da suke kira mianzi, wato fuska. Zai iya cewa "mei wenti", ba matsala, alhali aikin ya fi ƙarfin injinsa. Mu ma ai mun san ma'anar "bari mu gani". Haka nan idan ka daka masa tsawa a gaban ma'aikatansa, ko da kai ke da gaskiya, ka rufe ƙofa.

Ni a ganina, yawan kukan jabun kaya ba laifin ɓangare ɗaya ba ne. Ka matse farashi har ƙasa, ya amince, sannan ya rage kaurin yadin don ya fita. Araha ba ta ado. Shi ya sa gogaggu ke ajiye samfuri da sa hannun kowa, su rubuta launi da nauyi da adadi, su kuma tura wakili mai jin Sinanci ya buɗe kwalaye kafin a rufe kwantena.

Sai kuma kalanda. A ƙarshen Janairu ko cikin Fabrairu ake bikin sabuwar shekararsu, masana'antu su rufe na makonni, ma'aikata su tafi ƙauyukansu. Mai son kayan Sallah a irin wannan lokaci tun Nuwamba yake ba da oda.